Furosesan Ɗan Fari

Duk unguwar Ƙofar Kware a Sakkwato, in rediyonka ya yi shiru, ba sai ka tambayi kowa ba, ƙafarka da kanta za ta kai ka rumfar Mani. Shekara talatin da ɗoriya yana zaune kan benci guda, dalma na narkewa a gabansa, kuma ba wanda ya taɓa jin "ban iya ba" a bakinsa. Hannu kam yana da shi, wannan ba musu. Amma taurin kai, wayyo! Har yau in na tuna da shi sai haushinsa ya kama ni, sai kuma tausayinsa ya biyo baya, ban san wanda ya fi yawa ba.

Tun rasuwar matarsa Lantana gidan ya koma mutum uku: shi, da Jibrin, da ƙanwar Jibrin, Sakinatu. Jibrin shi ne ɗan fari, kuma Mani ya riƙe kunyar ɗan fari yadda ya gada, har ya ƙara nasa gishirin. Ba ya kiran sunansa, ba ya duban idonsa, ba ya yi masa magana kai tsaye. Tun yaye aka kai yaron Dundaye wurin kakarsa, sai da tsohuwar ta rasu ya dawo gida yana da shekara sha huɗu, shi ya sa Mani ke ce masa "na Dundaye". Ko suna zaune a tabarma ɗaya, sai ya juya wajen Sakinatu ya ce, "Ki ce ma na Dundaye shi sha maganinai." Jibrin ya ce, "To, Baba." Mani ya yi kamar iska ce ta kaɗa. Sa'o'insa da yawa a unguwa sun sassauta wannan al'ada, sun bar ta a kan suna kawai, amma Mani ina, ko kusa.

A shekarar 1997 da abin ya faru, Jibrin na da ashirin da shida. Dogo ne siriri, mai saurin dariya, kuma da ciwon sikila aka haife shi. Tun yana ƙarami aka hana shi guje-guje, sai dai ya tsaya bakin fili yana kallon sa'o'insa suna buga ƙwallo. Yana aiki a wani shago a Sama Road inda ake buga wa mutane takardu da kwamfuta. Da mai shagon ya sayo sabuwa, sai ya bar masa tsohuwar, Jibrin ya rungumo ta a kan babur ɗin kabu-kabu har gida, ya kafa ta a ɗakinsa na bakin zaure. Can ya sa mata gem ɗin ƙwallo, ya samo hannun bugawa guda mai maɓallai, ya koma yana cin raga son ransa ba tare da ƙashinsa ya yi ciwo ba.

Sai dai gem ɗin ya fi ƙarfin kwamfutar. 'Yan wasan suna tafiya suna tsayawa kamar masu ratsa taɓon fadama, ƙwallo ta tashi sama ta maƙale, sai ta ga dama ta sauko. Jibrin ya ce laifin furosesa ne, wato ɗan ƙaramin abin nan da ke ciki wanda shi ne ƙwaƙwalwar na'urar. Ya ce ya tsufa, sai an sa mai ƙarfi.

To ga abin dariya. Daga ranar da aka fara gem ɗin nan, Mani ya gano cewa hasken zaure ya fi na rumfarsa kyau bayan la'asar, daidai lokacin da aka saba kawo wuta. Sai ya ɗauko kujera ya ajiye ta inda ke fuskantar ƙofar ɗakin Jibrin, ya ɗora rediyo a cinya yana kwancewa. Rediyo guda fa, shekara guda cur, kuma lafiyarsa lau. In Jibrin ya ci raga, sai a ji Mani ya yi gyaran murya. In aka ci shi, sai a ji ɗan tsaki, wai sukurun ne ya ƙi fita. Sakinatu ta sani, Jibrin ya sani, ba wanda ya tona masa.

Sakkwato kaf ba inda ake sayar da irin furosesan, sai Legas. Jibrin ya rubuta a takarda ya ba Mode, maƙwabcinsu mai kai shanu kudu a tirela. Mode ya tafi, ya yi sati uku. Kafin ya dawo, ciwo ya kayar da Jibrin, irin kayarwar da bai taɓa yi masa ba, aka kwantar da shi asibiti. Ranar Talata Mode ya yi sallama ya miƙa wa Mani ɗan kwali. A ranar kuma likita ya ja Mani gefe ya ce ranar Alhamis za a sallami yaron. Ya ce ƙodar ta gaji, a kai shi gida, a ba shi abin da ransa ke so. Mani ba yaro ba ne, ya gane irin wannan sallama.

Ya dawo gida ya buɗe kwalin. Ga furosesan nan kwance cikin baƙin soso, ɗan murabba'i da bai kai tafin hannu ba, ƙasansa cike da 'yan ƙafafu masu ruwan zinari. Ƙarƙashinsa akwai sabon hannun bugawa a leda, da wata waya mai kai biyu. Mani ya juya hannun ya yi tsaki. Yaran zamani da ɓarna, guda bai ishe shi ba? Ya mayar cikin kwalin.

Nan take shawara ta zo masa, kuma wallahi shawara ce ta ƙauna. Shekara ashirin da shida bakinsa bai ce wa yaron nan komai ba. Yana son sa, so mai ciwo, irin wanda ke hana tuwo wucewa a maƙogwaro, amma ba shi da hanyar faɗa. Hannu ke gare shi. To bari hannun ya faɗa. Ranar Alhamis na Dundaye zai shigo ɗakinsa ya kunna gem ya ga 'yan wasansa suna gudu kamar mutane, ya san wa ya yi masa.

Ya kwance murfin kwamfutar, ya leƙa. Ya ga tsohon furosesa a mazauninsa, da ɗan ƙarfen da ake ɗagawa a sake shi. Wannan ba wuya. Amma a gefe, a kan fanel ɗin, wato babban faifan da aka dasa komai a kai, ya ga wasu 'yan ƙananan hulunan roba baƙaƙe, kowace a kife kan 'yan ƙusoshi biyu, wasu ƙusoshin kuma a buɗe. Mani ya daɗe yana kallon su. Wanda ya shekara talatin cikin wayoyi ya san ba a sa irin wannan don ado.

Da hantsin Laraba ya tafi asibiti, furosesan a ƙunshe cikin hankici a aljihun gaba. Ya tarar Sakinatu ta tafi layin karɓar magani. Daga shi sai Jibrin, ba mai ɗaukar magana ya kai. Ya zauna kan kujera ya fuskanci taga. Jibrin na kwance idonsa biyu, fuskarsa ta kumbura, yana kallon ubansa. Tambayar tana bakin Mani, gajeriya ce: hulunan nan, a taɓa su ko a bar su? Ya buɗe baki, ya rufe. Ya shafa aljihu. Yaya zai juya ya dubi ɗan fari ido da ido ya ce koya mini? Ubansa bai yi ba, kakansa bai yi ba. Ya ce a ransa bari Sakinatu ta dawo. Layin magani kuwa ya ƙi ƙarewa. Da ya ji zaman ya yi masa nauyi sai ya miƙe, ya ce wa ƙarfen da aka rataya ledar ruwa, "Allah shi sawwaƙe," ya fita.

"Amin, Baba," in ji Jibrin daga bayansa.

A hanya ya bi ta Sama Road, har ya rage tafiya a gaban shagon da Jibrin ke aiki. Da ya shiga ya tambaya, da an gaya masa. Amma a ce Mani mai rediyo ya je yana tambayar sa'o'in ɗansa inda ake sa waya? Ya taka kekensa ya wuce. Kai, Mani!

Bayan la'asar aka kawo wuta. Ya wanke hannu, ya yi bismilla, ya ɗaga ɗan ƙarfen, ya zare tsohon furosesa ya ajiye kan soso. Ya duba kusurwar da aka yi wa alama, ya saita sabon, ya zauna daram ba tare da ko ƙafa ɗaya ta lanƙwashe ba. Aiki mai tsabta, a ba shi wannan. Hulunan ya bar su yadda ya gan su, don a sana'arsa abin da ke aiki ba a taɓa shi. Ya kunna. Bai taɓa danna kwamfuta ba, amma shekara guda idonsa na bin yatsun Jibrin daga zaure, ya haddace duk abin da ake dannawa.

Gem ya buɗe. La ilaha illallahu! 'Yan wasa suka kwasa a guje, ƙwallo na yawo sumul daga ƙafa zuwa ƙafa, ba tsayawa, ba ɗingishi. Mani ya ɗauki hannun bugawar Jibrin ya danna wani maɓalli, ɗan wasa ya narka ƙwallo waje. Ya fashe da dariya shi kaɗai a ɗaki, dattijo da furfura, har yana buga cinya. Rabon da ya yi irin wannan dariya tun Lantana na da rai.

Bai fi minti bakwai ba ya ji warin. Ya san warin nan fiye da ƙamshin miyar gidansa. Kafin ya kai hannu ga soket, 'yan wasan sun daskare, allon ya yi baƙi. Ya taɓa bayan furosesan, yatsansa ya tashi. Ya jira ya huce ya sake kunnawa, ya sake, ya sake. Fanka na juyawa, amma allon ko ƙyaftawa.

Ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Abu ɗaya da yaron ya yi ta jira, abu ɗaya da likita ya ce a ba shi, shi ubansa ya ƙone shi da hannunsa.

Kafin magariba ya isa kara, kasuwar shanu, ya samu Mode. Ya kwafe rubutun bayan furosesan a takarda ya danƙa masa. "Irinai za ka kawo min, don Allah, da sauri."

Mode ya dubi takardar, ya dubi Mani. "Asabar muka son tashi, in tirela ta samu gas. Kwana huɗu tana kan layi. Ka san halin da aka ciki."

Ranar Alhamis aka kawo Jibrin a tasi, Mode da direba suka riƙo shi har kan katifarsa. Ƙafafunsa sun kumbura, numfashi sama-sama. Da aka watse, idonsa ya sauka kan kwamfutar, murfi a buɗe, kwali a gefe. Mani na tsaye bakin ƙofa. Ya juya wajen Sakinatu.

"Ki ce ma na Dundaye, Mode ya kawo saƙonai. Ki ce mai na sa. Ki ce mai..." Ya dafa aljihu. "Ki ce mai ya ƙone."

Sakinatu ba ta taɓa yi wa ubanta musu ba, amma ranar ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ga shi nan. Shina ji."

Jibrin ya miƙa hannu. Mani ya zaro furosesan daga aljihu ya sa masa a tafi. Jibrin ya kai shi hanci ya sansana, ya yi 'yar dariya wadda ta ƙare da tari, sai ga hawaye na bin gefen fuskarsa zuwa kunne.

"Ya yi gudu kafin shi ƙone?"

Mani ya gyaɗa wa bango kai.

"Sosai?"

Ya sake gyaɗawa.

"Tsohon, wuta bolt biyar shika ci," in ji Jibrin a hankali. "Sabon uku da ɗan kaɗan. Hula biyu kawai za a matsar, a rage mai wuta. Baba, da ka tambaye ni. Jiya ina kwance ina kallon ka kana shafa aljihu, ina ta jira ka tambaye ni wani abu, ko mi na na."

Da Jibrin ya yi faɗa, da ya juya baya, da Mani ya fi samun sauƙi. Wannan maganar ta shige shi har ƙashi. Ya tsaya nan kamar wanda aka dasa.

"A maida tsohon," in ji Jibrin. "Wataƙila fanel bai mutu ba. Ni hannuna rawa shikai. Zo ka sa, in nuna maka hulunan, don in an kawo wani."

Mani ya cire takalmi ya shiga ɗakin. Ya jawo kwamfutar kusa da katifa, ya durƙusa, ya ɗauki ɗan hantsakinsa. Ya kai bakin hantsakin kan wata hula, ya tsaya. Sakinatu na bakin ƙofa, amma bai juya wajenta ba.

"Wagga?" ya ce.

Ita ce kalma ta farko da ya taɓa faɗa wa ɗansa.

"Ba ita ba, Baba. Ta kusa da ita."

"Wagga?"

"Awo. Ɗaga ta, ka matsar gaba da ƙusa ɗaya."

Haka suka yi ta yi. Jibrin ya sa shi ya matsar da hulunan inda sabon furosesa ke so, ya mayar, ya sake matsarwa, har sau uku, don kada ya manta. Mani ya ɗauko mitarsa ya auna, ya ga allura ta sauka daga biyar zuwa uku da ɗan kaɗan, ya ce, "Kai! Ashe haka na." Ya tambayi aikin wancan, ya tambayi sunan wannan, tambaya na jan tambaya kamar an buɗe famfo. Har musu suka yi kan fanka, Mani ya ce ta yi ƙarama, Jibrin ya ce ta isa. Sakinatu ta toshe baki da mayafi ta koma tsakar gida, don kada su ji kukanta su daina.

Aka mayar da hulunan yadda suke, aka sa tsohon furosesa, ya tashi. Gem ya dawo da ɗingishinsa, ƙwallo na maƙalewa a sama. Jibrin ya buga rabin wasa, yatsunsa suka gaji, ya ajiye. Mani na zaune a ƙarshen katifa, ba rediyo a cinya. Sau biyu sunan ya taso masa har bakin haƙora, sau biyu ya mayar. Ya ce a ransa ba a yin komai rana ɗaya, bari Mode ya dawo, ranar da gem ya yi gudu zai kira shi.

Tirelar Mode ba ta tashi ba sai Laraba. Jibrin kuwa kwana tara ya yi a gida. Ranar Asabar da hantsi, Mani na riƙe da kofin ruwa yana jira ya farka ya sha, Sakinatu ta taɓa goshinsa ta yi salati.

Kwana biyu bayan sadakar bakwai Mode ya dawo. Ya yi gaisuwa, ya zauna, sannan ya zaro ɗan kwali ya tura shi gefen tabarma, ya tashi ya fita yana share ido da hannun riga.

Kwalin ya kwana uku a nan. Rana ta huɗu bayan la'asar aka kawo wuta, Mani ya ɗauke shi ya shiga ɗakin Jibrin. Ya zare tsohon furosesa. Ya matsar da hula ta farko gaba da ƙusa ɗaya, ya matsar da ta biyu, ya auna da mita, uku da ɗan kaɗan. Ya sa sabon, ya kunna. 'Yan wasa suka kwasa a guje. Ya zauna yana jiran wari, minti bakwai, minti ashirin, rabin sa'a. Ba wari. Ya taɓa bayan furosesan, ɗumi kawai. Aikin ya yi kyau, kuma bai taɓa yin aikin da ya ƙona masa rai kamar wannan ba.

Sakinatu ta ji ihun 'yan kallo na cikin gem ta shigo. Ta tsaya tana kallo. Can ta durƙusa ta jawo kwalin farko daga ƙarƙashin tebur, ta fito da sabon hannun nan da wayar mai kai biyu. Ta jona tsohon hannu a kai ɗaya, sabon a ɗayan, ta danna wasu maɓallai yadda yayanta ya koya mata. Allon ya nuna ƙungiya biyu sun jeru a fili. Ta yage ledar, ta miƙa wa ubanta.

"Wanga naka na, Baba."

Mani ya dube ta.

"Don kai yas sa a kawo. Ya ce shekara guda kana zaune zaure da rediyo mai lafiya. Ya ce ba shi kiran ka ga wasa mai ɗingishi, sai ya gyaru, sannan shi ce ka shigo ku buga. Ya hana ni faɗi. Da wancan ya ƙone, ya ce in ƙara yin shiru, kar ranka shi ɓaci."

Mani ya karɓa. Robar sabuwa ce, tana ƙamshin kanti. Tsohon hannun na kan katifa inda mai shi ya ajiye shi, maɓallansa sun goge sun yi fari saboda dannawa. Aka busa usur a cikin gem. Mani ya taɓa nasa, ɗan wasansa ya ja ƙwallo ya yi gaba, ba wanda ya tare shi.

"Jibrin," ya ce.

Sakinatu ta ɗago a firgice, don tunda aka haife ta ba ta taɓa jin sunan a bakinsa ba. Ya sake kira, da ɗan ƙarfi, yadda ake kiran wanda ke ɗaki na kusa.

"Jibrin. Ya gyaru. Zo mu buga."

'Yan wasan ɗaya ɓangaren suna tsaye cik a tsakiyar fili, su sha ɗaya, suna jiran a taɓa su.